Ranar da Yono Ya Hutar da Matan Unguwa

Ni ba na kallon shirin girki a talabijin, kuma ba don ba mu da talabijin ba. Akwai ta a falo, ƙatuwa, ƙanena ne ma ya aiko da ita. Abin da ya hana ni shi ne ban taɓa ganin an ƙoshi a cikin shirin nan ba. Mutum ya tsaya da farar riga, gabansa ƙananan kwanuka, kowanne da abin da wani ya riga ya yanka masa, ya zuba wannan ya barbaɗa wancan, ya ɗanɗana ya lumshe ido, shi ke nan sai a tafi talla. Wa ya ɓare albasar? Wa zai kankare tukunyar? Wa ya ci? Ba a nunawa. In kuma gasa ce, sai a tsayar da 'yar mutane a gaban ƙartai uku, su tauna abincinta su yatsine fuska, su yi mata tatas har ta yi kuka, a matso da kyamara kusa da hawayen. A garinmu in aka ba ka abinci, ko gishiri ya yi masa yawa, ci kake yi ka yi godiya.

Ɗaya daga cikin ƙartan nan uku ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Sunansa Triyono, mu Yono muke ce masa, amma a Jakarta ya zama Shef Riyo. Yana da gidan abinci a can ƙololuwar wani dogon bene, inda sai ka daɗe kana jiran kujera, in ka samu a kawo maka guntun tempe ɗaya, wato wainar waken soya, a tsakiyar faranti mai faɗin faifai, an ɗiɗɗiga miya a gefe. Sau ɗaya muka je ni da mijina. Da muka sauko sai da muka tsaya a bakin titi muka ci taliya kafin mu iya shiga mota.

Duk wannan bai dame ni ba. Masu kuɗin Jakarta in sun ga dama su biya a ba su iska a faranti, ina ruwana. Abin da ya yi wa mahaifiyarmu ne ban yafe ba, kuma ban ga ranar yafewa ba.

Simbok, haka muke kiran mahaifiyarmu, ita ce mai shinkafar unguwarmu a Karangpoh. Tun kafin a haife ni, duk gidan da ake biki ko suna ko sadakar mamaci, ita ake damƙa wa manyan tukwanen turara shinkafa. Ba biyanta ake yi ba. Mai gida da matarsa ne suke takowa da ƙafarsu, su zauna a tabarmarmu, su sha shayi, su yi ta kewaye-kewaye a kan ruwan sama da tsadar taki, can sai su sunkuyar da kai su ce sun zo roƙon hannu. Wannan aikin gayya shi muke kira rewang. Mata su cika bayan gida da yanka da daka da kankarar kwakwa, maza su kafa rumfa su faskara itace, a yi ta gulma ana dariya har a tashi. Wanda aka je aka roƙa, an ɗauke shi ɗan gida. Wanda ba a roƙa ba shi ma ya san matsayinsa, ba sai an faɗa masa ba. A bayan gidajen mutane Simbok ta yi ƙawaye, a can ta tsufa, a can ne in ta yi magana ake yin shiru a saurara.

Da sadakar kwana dubu ta mahaifinmu, Bapak, ta matso, wadda ita ce ta ƙarshe kuma ita ce babba, sai ga wayar Yono. Bai zo ta arba'in ba, bai zo ta shekara ba, kullum yana wurin ɗaukar shiri.

Ya ce mini, "Mbak Parmi," wato Yaya Parmi, "ki gaya wa Simbok kada ta sayi ko ƙwayar gishiri. Sadakar Bapak a wuyana take."

Na ce, "Madalla. Mu mun san inda za mu samo akuya mai kyau."

"A'a, ba ki gane ba. Ni zan dafa. Zan zo da yarana, da motar sanyi, da komai da komai. Gidan talabijin ma za su biyo ni, shiri ne na musamman."

"Mutanen unguwa fa?"

"Su zo su ci mana. Sau ɗaya a rayuwarsu su zauna a yi musu hidima."

"Yono, kanka ɗaya kuwa? Simbok ta shiga bayan kowane gida a unguwar nan. Yau da nata ya zo, sai ta rufe musu nata bayan gidan? Ka san abin da hakan ke nufi."

Sai ya canza murya, ya koma irin wadda yake yi a talabijin in zai sa mutane kuka. Ya ce, "Mbak, kin manta? Muna yara sai ta yi kwana da kwanaki a gidan wasu, ta dawo ido jajur tana tari, mu muna gida muna cin rogo. Yanzu ga idon nan likita ya ce hayaƙi ne ya cinye shi. Ni ban manta ba."

Gaskiya ne, hayaƙi ya taɓa mata ido. Amma na tuna masa cewa in ta dawo, da kwando cike take dawowa, kuma duk naman da ya sani a yarinta daga kwandon nan ya fito. Ya ce wannan ai sadaka ce ake ba ta don a rufe mata baki. Na ce ya maimaita. Ya ce in ba shi Simbok.

Ina tsaye na ji tana cewa, "To, Le, ɗana. To. Allah ya yi maka albarka." Da ta ajiye wayar na ce mata me ya sa ba ta taka masa burki ba. Ta ce, "Ɗa ya ce zai yi wa ubansa abu, ni ce zan hana shi?" Ta juya ta ci gaba da tsintar shinkafa, amma ranar ba ta ci abincin dare ba.

Saboda haka Simbok ba ta shiga gida-gida roƙon hannu ba. Unguwa ta yi jira, ta ji shiru. Ana nan sai ga Bude Tum, ƙawar Simbok tun suna 'yan mata, wadda ita ke riƙe da tukunyar nama a duk inda Simbok ta riƙe ta shinkafa. Ta shigo da daro a goye cikin zane, cike da shinkafa da sukari da kwakwa, kamar yadda ake kawo gudummawa.

Ta ce, "Yu Las," wato Yaya Las, haka take kiran Simbok, "na ji shiru ne. Ko an ɗaga ranar?"

Simbok ta ce, "Ba a ɗaga ba. Yaron ne ya ce zai zo da mutanensa su dafa."

"Su dafa duka?"

"Haka ya ce."

Bude Tum ta yi murmushi, ta gyara zaman zanenta. Ta ce, "Ah to, madalla. Ɗa ya yi albarka. Mu ma sai mu ga yadda ake yi a birni." Ta sha shayinta rabi ta tashi. Bayanta mata suka yi ta zuwa da nasu darurrukan, don ba wadda za ta yarda a ce ba ta kawo ba. Shinkafa ta taru a ɗakin Simbok har sai an raɓa ake wucewa, ba mai dafawa.

Ranar sadaka motoci suka cika layinmu tun da hantsi. Samari masu baƙaƙen riguna suka jera murhun gas a ƙarƙashin rumfa, wata yarinya mai waya maƙale a kunne ta ɗaure igiya a ƙofar bayan gidanmu ta ce ba shiga sai ma'aikata. Matan unguwa suka tsaya a bayan shinge, hannuwa a harɗe, suna leƙe. Ban taɓa ganin hannuwan matan nan a harɗe ranar sabga ba.

Yono ya fito daga mota ya durƙusa ya sumbaci hannun Simbok. Aka ce bai fito da kyau ba, ya koma cikin motar ya sake fitowa ya sake durƙusawa.

Can yarinyar nan ta zo ta ce suna buƙatar tsohon murhu. Aka kai su ɗakin girkinmu na baya. Suka ɗora babbar tukunyar Simbok, ruwa ne kawai a ciki, suka hura wuta, suka yayyafa wa itacen ruwa don hayaƙi ya tashi sosai. Aka zaunar da Simbok a gaban wutar, aka ba ta mafici. Aikin Yono shi ne ya shigo daga baya, ya karɓe maficin daga hannunta, ya ɗaga ta ya rungume. Suka yi, aka ce a sake. Suka yi, aka ce haske bai yi ba.

Yarinyar ta ce, "Mbah," wato Kaka, "ko za ki ɗan yi tari?"

Na ce, "Ba sai kin roƙa ba, ki ƙara ruwa a itacen, yanzu za ta yi miki na gaske." Ta dube ni ta ce don Allah in koma bayan igiya. A gidan ubana.

Addu'ar da aka saba yi bayan magariba aka dawo da ita la'asar, wai saboda haske. Maza suka baro gonakinsu suka yi wanka suka zo. Kafin su zauna na kewaya inda ake girki, na duba ko'ina ban ga kwando ko ɗaya ba. Na ja Yono gefe.

"Ina kwandunan?"

"Waɗanne kwanduna?"

"Kada ka raina mini hankali. Kwandunan da maza za su tafi da su gida."

Ya ce, "Mbak, abincina ba ya shiga kwando. In ya huce ya mutu. Gobe wani ya ajiye ya kwana ya ci ya yi gudawa, a ce Riyo ne. Na tanadar musu abin da ya fi kwando, ki kwantar da hankalinki."

"Yono, a unguwar nan aka yanke maka cibiya. Yaushe ka ga namiji ya ƙoshi a wurin sadaka? Ɗan taɓawa yake yi. Sadakar tana cikin kwando, ita ce take shiga gida ta samu mata da yara da tsofaffi. Rabin gidajen nan yau ba su ɗora tukunyar dare ba, suna jira."

"To ai irin wannan tunanin ne nake so a bari."

Na bar shi na nufi ɗakin Simbok, na ce ta ba ni izini in kira mata mu ɗora shinkafar nan ko da ƙwai ne da taliya. Ta riƙe mini hannu. Ta ce, "Nduk, 'yata, kada ki kunyata shi a gaban baƙinsa. Kuma da wane baki zan kira su yanzu?" Na duba agogo, na duba ta. Ko da sun yarda, lokaci ya riga ya ƙure.

Mbah Kaum, dattijon da ke jan addu'a a unguwarmu, ya buɗe da Fatiha. Aka yi tahlili aka roƙa wa Bapak gafara, mai kyamara yana ratsa sahu yana tsallake ƙafafun mutane. Sannan aka fara kawo abinci, faranti bayan faranti, kowanne da sunansa da wani saurayi ke tsayawa ya faɗa. Ba zan yi wa Yono ƙarya ba, abincin ya yi daɗi. Na ɗanɗana naman akuyar, ban taɓa cin mai laushinsa ba. Ya iya girki, wannan ba a ja. Maza suka ɗan tattaɓa kamar yadda suka saba, suka ture farantan gefe, samarin suka kwashe.

Aka shafa Fatiha ta ƙarshe, ba wanda ya tashi. Kowa yana zaune, yana kallon tabarma, yana jiran a fara miƙo kwanduna daga ƙofar gida hannu zuwa hannu. Sai ga samarin sun fito da kwali, suna bin sahu suna ajiye wa kowa 'yar kwalbar yaji a gabansa. A jikin kowace kwalba akwai hoton Yono, ya harɗe hannu yana murmushi.

Pak Wagiman, maƙwabcinmu mai jikoki cike da gida, ya ɗauki tasa ya jujjuya ta, ya duba ƙasanta, ya sa a aljihu. Suka ci gaba da zama, don ba wanda ya yarda cewa shi ke nan. Mbah Kaum ne ya yi gyaran murya, ya ce an gode, Allah ya kai ladan, ya dafa ƙasa ya miƙe. Daga nan suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, kowa yana yi wa Yono godiya yana sunkuyawa. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon su suna tafiya hannu na dukan cinya, yara a ƙofofin gidaje suna leƙen bayansu. Gidajen da ba namiji, irin na Mbah Ginah da ba ta gani, waɗanda aka saba aika musu da nasu kwandon, ko kwalbar ba su samu ba.

Da na koma baya na tarar samarin suna juye ragowar farantai da abin da ya saura a tukwane cikin baƙaƙen ledoji. Na ce me kuke yi. Ɗaya ya ce doka ce, abin da ya daɗe a waje ba a bayarwa. A nan na manta da kyamara, na manta da baƙi.

Na ce, "Yono, zo nan. Sadakar ubanka ce a cikin leda?"

"Mbak, ki rage murya."

"Ba zan rage ba. Ka zo ka ɗaure mana igiya a ƙofa, ka shaƙe uwarka da hayaƙin ƙarya, ka sallami dattawan unguwa da hotonka. Gobe da safe kai kana Jakarta. Mu ne za mu fita mu haɗa ido da mutanen nan a rijiya da kasuwa da masallaci."

Ya ce, "Ke matsalarki ba kya son a ci gaba. Kowa ya ci, kowa ya yaba, kin ji da kunnenki."

"Yaushe ka ji mutumin garin nan ya ci abincinka ya kushe a gabanka? Ko guba ka ba shi godiya zai yi."

Ya cire rigar girkinsa ya miƙa wa wani yaronsa, ya je ya sumbaci hannun Simbok, wannan karon ba kyamara. Ya ce mata ɗakin otal na jiransu a birnin Solo. Kafin isha layinmu ya koma fayau, sai shatin tayoyi.

Washegari ni da Simbok muka ɗora shinkafar gudummawa, muka soya ƙwai da tempe, muka ƙunsa a ganyen ayaba, mijina ya bi gida-gida a babur yana ba da haƙuri. Kowa ya karɓa, kowa ya ce ai ba komai, me ya yi zafi. Na san da komai, amma mutanenmu suna da haƙuri, kuma sun san Simbok. Bude Tum ta ci gaba da leƙowa da yamma. Na fara sa rai abin zai wuce.

Sai aka sa ranar nuna shirin. Da yake talabijin ɗinmu ce mafi girma a layin, mata suka cika falonmu, yara a taga. Bude Tum ta zauna kusa da Simbok, kafaɗa da kafaɗa. Aka nuna gonaki, aka nuna Yono yana fitowa daga mota, mata suna ta dariya suna nuna kansu a bayan shinge. Sai aka nuna Simbok cikin hayaƙi tana fifita wuta tana tari, kiɗa mai sanyi yana tashi. Fuskar Yono ta cika allon, idonsa ya kawo ruwa.

Ya ce, "A ƙauyen nan aka mai da mahaifiyata baiwa. Shekara da shekaru tana dafa wa mutane a banza, idonta ya lalace, ba wanda ya taɓa ce mata sannu. Yau na zo in 'yanta ta."

Yana rufe baki aka nuna Bude Tum, a ranar sadakar, a bayan shinge, tana kai lomar ɗanɗano da aka miƙa mata baki.

Na miƙe zan kashe, mijina ya riga ni. Simbok tana zaune, hannuwanta a cinya, ba ta motsa ba. Bude Tum ta gyara ɗankwalinta a hankali, ta juyo ta kama hannun Simbok da hannu biyu.

Ta ce, "Yu Las, ashe mun wahalar da ke haka ba mu sani ba. Ki yafe mana."

Simbok ta ce, "Yu, ni ban faɗi haka ba."

"Na sani. Ai yaro ba ya ƙirƙira, abin da ya gani a gida yake faɗa. Ki yafe mana dai." Ta tashi, sauran suka tashi, kowace ta zo ta kama hannun Simbok ta nemi gafara kafin ta fita. Da sun zage ta da ya fi mini sauƙi.

Na kira Yono a daren. Na wanke shi tas, ban bar komai ba. Ya ce ba haka ya tsara maganar ba, masu haɗa shirin ne suka yayyanke. Na ce bakin da ya faɗa na waye. Ya ce shirin ya karɓu fiye da zato, mutane daga ko'ina suna aiko wa Simbok gaisuwa, har wani kamfani yana son ya ba ta murhun gas. Na kashe wayar.

Bayan girbi aka sa bikin jikar Bude Tum. Ɗanta da matarsa suka zo gidanmu da yamma, suka zauna a tabarma, suka sha shayi, suka yi zancen ruwan sama. Simbok ta sa sabuwar riga, ta zauna a gefe tana jira. Can ɗan ya sunkuyar da kai ya ce sun zo roƙon hannun Mbak Parmi da na maigidanta, da yake mijina ɗan uwansu ne. Sannan ya juya ga Simbok, ya ciro katin gayyata mai ruwan zinariya, irin wanda ake kai wa shugaban ƙauye da malaman makaranta, ya miƙa mata da hannu biyu.

Ya ce, "Mbah, in hali ya yi a zo a sa mana albarka."

Ta karɓa. Ta jira ko akwai saura. Suka yi sallama suka tafi.

Ranar da aka fara girki na fita tun da sassafe ban tashe ta ba, don ban san me zan ce mata ba. Bayan gidan Bude Tum ya cika, ana daka ana kankarar kwakwa, tukwanen shinkafa an damƙa wa surukarta. Da na shiga hira ta ɗan lafa, daga baya ta dawo. Hantsi ya ɗaga ina yankan albasa sai na ji an sake yin shiru. Na ɗaga kai na ga Simbok a bakin ƙofar baya, da tsohon zanenta na aiki, wuƙarta naɗe a tsumma a hannu.

Bude Tum ta ajiye ludayi ta goge hannu ta tare ta da fara'a. Amma maganar da ta yi mata irin wadda ake yi wa matar shugaban ƙauye ce. Waɗannan mata biyu sun girma suna zagin juna cikin wasa, ban taɓa jin wannan harshen a tsakaninsu ba.

Ta ce, "Ranki ya daɗe, ai da an aiko sai mu zo mu ɗauke ki. Nan hayaƙi ne, bai kamace ki ba. Bismilla, ta gaba."

Simbok ta ce, "Yu Tum, ni ce fa."

"Mun sani, ranki ya daɗe. Shi ya sa."

Ta kama ta da ladabi ta kewaya da ita gaban gida, inda aka jera kujerun baƙi ƙarƙashin rumfa, ba kowa a kansu tukuna. Ta zaunar da ita a ta gaba, mai lulluɓin farin yadi. Aka kawo mata shayi a kofi mai faranti, da kek a kan takarda. Bude Tum ta koma baya, ba a jima ba dariya ta sake tashi.

Na kasa ci gaba da yankan. Idona yana zuba, na ce albasa ce. Na ajiye wuƙa na zagaya gaba. Tana nan zaune ita kaɗai a cikin kujeru, bayanta a miƙe, shayin ya huce ba ta taɓa ba. Na durƙusa kusa da ita na ce ta tashi in raka ta gida.

Ta ɗaga hanci kaɗan tana shaƙar iska. Ta dafa hannun kujera ta fara miƙewa, ta kai rabi, sai ta koma ta zauna.

Na ce, "Mbok, mene ne?"

Ta ce a hankali, "Ruwan tukunyar ƙarshe ya ƙone. Shinkafar ta fara ƙauri, daga nan nake ji."

"Bari in je in gaya musu."

Ta riƙo zanena. "Zauna, Nduk. Ba a tambaye ni ba."